Ƙoƙo na Biyu

Tsibirin Kadavu, farkon watan Mayu

Zuwa ga Unaisi, ƙanwar mijina kuma taubashiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da tsofaffin nan da kike jinya a Brisbane. Yaya sanyi? An ce ya fara shigo muku. Mu nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ki yi mini dariya don kin ga wasiƙa. Kin san waya ba ta kamawa a garin nan sai a kan tudun bayan coci, kuma duk wanda ya hau ya yi magana, kafin ya sauko maganar ta riga shi isa gida. Abin da zan gaya miki ba na kan tudu ba ne. Yayanki Netani kuwa ko an sa masa wuƙa a wuya ba zai yi wa ƙanwarsa zancen cikinsa ba, kunyar da ke tsakaninku ta fi ƙarfin ciwo. Don haka ni ce bakinsa, shi da yake bakin sarki.

An yi aikin da kika daɗe kina damun mu a kansa. Mun dawo daga asibitin birnin Suva a jirgin ruwan makon jiya. Na ɗauka za a farke shi kamar kifi, ashe 'yan huji ne ƙanana a cikinsa. Likitan, Dakta Goundar, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce ƙofar da ke tsakanin maƙogwaro da tumbi ce ta saki, shi ya sa ruwan ɗacin nan ke tasowa yana ƙona masa ƙirji da murya. Sai suka jawo saman tumbin suka naɗe a bakin ƙofar suka ɗinke, kamar yadda ake tsuke bakin jaka.

Ƙwannafin ya tafi, Unaisi. Mutumin da ya yi shekaru yana barci a zaune, yanzu miƙewa yake a tabarma har da munshari. Murya ma ta fara dawowa. Ke ba ki nan a jana'izar tsohon Ratu, sarkinmu, ba ki ga abin da na gani ba. Yayanki ya durƙusa zai karɓi baƙi da sunan gari, sai tari da shaƙewa, na bayan rumfa suna tambayar juna me ya ce. Mai magana da yawun sarki, a ce ba a jin sa! Ranar ce ya shigo gida ya ce in gaya miki ya yarda a yi aikin. Jiya da safe kuwa na ji shi a bakin teku yana gwada kirarin gidan sarauta, har kaji suka watse. Na tsaya a madafa ina share hawaye kamar wata sakarya.

Amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Abinci ba ya wucewa. Romon kifi, gwanda, gwazar da na dama ta koma ruwa, su ne abincinsa, cokali-cokali kamar ɗan yaye. Ko ruwa ne in ya yi babbar kurɓa sai ya tsaya masa a ƙirji, idonsa ya kaɗa. Ba ya iya gyatsa, kuma an ce amai ma ba zai fito ba. Iskar da ta rasa hanyar sama kin san inda take bi. Ran Lahadi bayan coci Waisale taubashinsa ya dafa shi ya ce, “Baban Litia, ashe murya biyu ka sayo mana a Suva?” Maza suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, amma ni na san murmushinsa.

Likita ya ce kumburi ne, zai sassauta cikin 'yan watanni. Ya ja mini kunne cewa kada ya haɗiyi abu da yawa a tashi ɗaya, domin in abu ya maƙale ya yi ta yunƙurin amai, ɗinkin na iya warwarewa. Ke da kike aiki a cikin ma'aikatan lafiya, ki gaya mini gaskiya, haka abin yake ga kowa?

Ki gaishe mini da yara. Litia da ƙanwarta suna gaisuwa.

Taki,
Torika

Kadavu, ƙarshen watan Mayu

Unaisi 'yar'uwa,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Wasiƙarki ta iso tare da garin kunun da kika aiko, Allah ya saka da alheri. Na gode da kika kwantar mini da hankali, sai dai kwanciyar ba ta daɗe ba.

Dattawa sun tsai da rana. A tsakiyar watan gobe za a naɗa Ratu Peceli a gurbin mahaifinsa. Na san ke ma kin gane damuwata tun kafin in faɗa. Ranar naɗi za a sha yangona, jiƙon saiwar nan tamu ta taron sarauta, sarki zai sha ƙoƙo na farko, na biyu kuma na wane ne in ba na yayanki ba? Tun kakanninku gidanku ke shan wanda ke bin na sarki, kuma sai an sha shi ake cewa sarauta ta zauna. Ba kurɓa-kurɓa ake yi ba. Ka tafa hannu, ka karɓa, ka kafa kai, ba ka sauke ba sai ka ga gindin ƙoƙon. Mutumin da shayi ke maƙale masa, shi zai shanye cikin ɓawon kwakwa guda a numfashi ɗaya, gaban garuruwa bakwai.

Na hau tudun, na bar masu kunne su ji abin da za su ji, na kira Dakta Goundar. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ba sai na yi masa dogon bayani ba. Ya ce, “Mama, ki ce ya ba ni wata uku. Bayan nan ma a hankali. Yanzu kam a'a.” Na sauko na gaya wa yayanki. Yana gyaran taru, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, “Maman Litia, sarauta ce za ta jira maƙogwarona?” Na ce to ya bar wa Savenaca ɗan ƙanen babanku ya sha a madadinsa, shi ya yi maganar. Nan ya ajiye tarun. Ya ce wanda ya sha shi ne bakin sarki, in Savenaca ya sha ranar naɗi to shi ne na Ratu Peceli har ƙarshen mulkinsa. Ya ce, “Na yarda aka huda mini ciki don in zauna a wurin nan. Yanzu kina cewa in tashi saboda hujin?”

Sai na hau shi da masifa. Na ce shi ba ya jin bari sai ya ji hoho. Na ce in ya mutu tabarmar da yake zama a gefen sarki ce za ta riƙe masa 'ya'ya? Ya bar ni na gama, ya ɗauki tarunsa ya fita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gwajin da yake yi a ɓoye. Na kama shi a bayan tankin ruwa da ƙoƙo a hannu, yana gwadawa da ruwan sama. Rabi ya sha, ya dafa tankin yana kakari, yawu na zuba, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Da ya gan ni sai ya ce wai kurkure baki yake. Ya rame, zanensa sai ya ƙara masa ninki kafin ya ɗauru. Amma a dandali in ka ji muryarsa sai ka rantse saurayi ne. Mutane na ta yi mini barka, wai Suva ta dawo mana da Netani na da. Ni kuwa mai ɗaki ce, na san inda yake mini yoyo.

Wani lokaci ina jin haushinki, gara in faɗa miki. Sai in ce da ba ki matsa ba da yanzu yana nan da ƙwannafinsa, yana shan abin da ya ga dama. Sai kuma in tuna ranar jana'izar, in ji kunyar kaina. Ba laifinki ba ne. Tsoro ne ke neman wanda zai kama.

Na yi wata dabara a raina. Waisale ne zai miƙa ƙoƙo ranar. Ni mace ba ni da baki a gaban akushin yangona, amma matarsa Miliakere muna wanki tare a rafi. Zan roƙe ta ta ce masa ya rage wa yayanki, ya zuba kaɗan a ƙasan ƙoƙo. Daga nesa wa zai gani? Ki taya ni da addu'a, kada kuma ki faɗa wa kowa, ko maigidanki.

Ki huta lafiya.

Taki mai ƙaunarki,
Torika

Kadavu, watan Yuni

Unaisi,

Ina fatan kuna lafiya ke da iyali. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi a barandar ɗakin shan magani na Vunisea. Kada ki firgita, yana da rai, yana ma magana.

An yi naɗi. Ban taɓa ganin taro irinsa ba. Kwale-kwale sun cika gaɓa, tabarmi har bakin teku, an gasa aladu da gwaza a rami tun da sassafe. Ni ban ga komai da idon daɗi ba, idona yana kan hannun Waisale.

Na yi wa Miliakere maganar kamar yadda na ce miki. Sai dai ban faɗa mata dalili ba, don yayanki ya hana a san halin da yake ciki. Cewa kawai na yi a rage masa, ya tsufa, bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Ta isar da saƙon. Daga baya ta gaya mini yadda suka yi. Waisale ya ce, “A rage wa wa? Netani? Ranar naɗi in miƙa wa bakin sarki ƙoƙon mata masu jego? So kike a ce na raina shi a gaban baƙi? Mutumin da ya dawo daga bakin kabari, ai cika masa za a yi har ya zuba, kowa ya san ya dawo.” Kin san mutanenmu. Wanda muke so shi muke cika wa. Da ban aika ba, da ƙila daidai zai zuba masa kamar kullum. Garin neman gira na rasa ido.

Yayanki ya yi magana ranar, Unaisi. Kai! Ya jero sunayen gidaje da na kakanni ba tuntuɓe, muryar na dukan rumfa tana dawowa, tsofaffin mata na kuka. Na ce a raina ko babanku bai fi haka ba. Ratu Peceli ya sha nasa, aka tafa. Sai Waisale ya juyo da na biyu a hannu bibbiyu, yana tafiya a hankali don kada ya zube. Daga inda nake cikin mata na hango ruwan yana sheƙi a bakin ƙoƙon. Na so in tashi in yi ihu. Amma ban tashi ba. Ko a yau ban san ko tsoron al'ada ne ya zaunar da ni ko tsoron kunyata shi ba.

Ya dubi ƙoƙon, ya dubi Waisale da ke ta washe baki yana jin ya yi abin kirki. Ya tafa, ya karɓa, ya kafa kai. Na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, na ga ya tsaya, na ga ya matsa da ƙarfi. Bai sauke ba sai da ya shanye. Ya juya ƙoƙon, jama'a suka ɗauka, “Ya ƙare!” aka tafa sau uku. Kuma ya zauna a wurin, bayansa a miƙe, zufa na zuba daga haɓarsa, har aka gama zagayen duka. Babu wanda ya lura sai ni.

Da aka tashi cin abinci ya zagaya bayan gidanmu. Na bi shi. Na same shi durƙushe a gindin ayaba yana yunƙurin amai, ba abin da ke fitowa, sai wani irin kakari da ban taɓa ji a bakin mutum ba. Ya daɗe a haka. Can ya dafe ƙirji ya ce, “Wani abu ya saki.” Muka sa shi a kwale-kwalen Savenaca muka kawo shi nan.

Nas ta ba shi magani, ciwon ya lafa. Ta ce sai an je Suva an yi hoto kafin a san abin da ya faru. Shi kuwa ka gan shi kwance kamar wanda ya ci kokawa. Abin da ya fara tambaya ta shi ne, “An ji ni har baya?” Na ce an ji. Ya ce, “Ƙoƙon fa, na bar wani abu a ciki?” Na tashi na fita, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa marar lafiya.

Waisale ya zo ɗazu da kifi. Da nas ta yi masa bayani sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai yau, kuma ban ji daɗin ganin ba.

Zan sake rubuto miki in mun dawo daga Suva. Ki gaida kowa.

Taki,
Torika

Kadavu, watan Agusta

Zuwa ga taubashiyata Unaisi,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki da yara. Na san na bar ki cikin zullumi. Na ga wasiƙunki biyu, na kasa amsawa ne don ban san me zan ce ba sai yanzu.

Ɗinkin ya warware. Tun kafin hoto na sani. Bayan mun dawo daga Vunisea da 'yan kwanaki ya ci gwaza guda da kifi, ta wuce salin-alin, ya yi wata ƙatuwar gyatsa a tsakar gida. Maƙwabta suka yi ta murna, har Miliakere ta ce a kai godiya coci, Netani ya warke. Ni kaɗai ban yi murna ba, domin na san ƙofar da ta buɗe wa gyatsa ta buɗe wa ɗacin. Ba a yi sati biyu ba ya koma barci a zaune. Yanzu da safe muryar a dishe take fitowa.

Dakta Goundar bai yi mana faɗa ba, gara ma da ya yi. Ya ce ana iya sake aikin, amma na biyu ya fi na farko wuya, kuma ba ya ba da tabbacin da ya bayar a baya. Ya dubi yayanki ya ce, “Baba, in na sake ɗinkewa, kai da cikakken ƙoƙo kun rabu ke nan. In ba ka yarda da wannan ba, kada mu ɓata wa juna lokaci.” To kin ji. Aikin gidanku murya yake so da ƙoƙo. Ciwon ya ɗauke ɗaya, maganin ya ɗauke ɗayan.

Muka dawo gida, makonni suka wuce. Sai ran Asabar ɗin da ta wuce, ina kankare rogo, na ɗaga kai na ga Ratu Peceli da kansa a ƙofar madafata, ba ɗan rakiya. Na ajiye wuƙar na tarbe shi. Waisale ne ya je ya gaya masa komai. Ratu ya shiga ya zauna kusa da yayanki ya ce, “Netani, me ya sa ba ka gaya mini ba? Ai ni nake fara sha. Da na kurɓa a hankali, kai ma ka kurɓa, duk ƙasar nan ta bi mu a haka. Wa zai ce don me? Ka je a yi maka aikin ka dawo, daga yau haka za mu riƙa sha.”

Unaisi, na ji kamar in faɗi a ƙafafunsa. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo mafita. Sai na ji yayanki, da muryar nan tasa da ta dishe, yana cewa, “Ranka ya daɗe, na gode. Amma ba za a ce a zamanina sarki ya sha yangona kamar mai shan shayi saboda maƙogwaron baransa ba. Abin da na tarar a cike, a cike zan bar shi.” Ya sa aka ɗauko tambuwar kakanku, haƙorin kifin nan da ake miƙawa in za a roƙi babban abu. Ya durƙusa ya miƙa wa Ratu, ya roƙi a sallame shi a ba Savenaca wurin. Ratu ya daɗe bai miƙa hannu ba. Daga baya ya karɓa.

An ba mu ranar aiki na biyu a Suva cikin watan gobe. Jiya aka yi baƙi daga ma'aikatar gona, Savenaca ne ya karɓe su. Bai yi laifi ba, ya tsallake sunan gida ɗaya kawai. Yayanki ya zauna can bakin ƙofa cikin sauran maza, na ga leɓensa na motsi yana bin maganar. Da ya dawo na ɗora masa romo. Ya ce, “Maman Litia, kin yi nasara. Za ki sami mijinki lafiyayye, zai ci, zai yi barci a kwance, ƙila ma ya ga tsufanki. Sai dai ki yi haƙuri da shi, don ban san me zai riƙa yi da muryar ba in ta dawo.”

Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, kuma ya ba ni. Na yi masifa, na hau tudu, na yi dabara a rafi, duk don in ga wannan rana. To ga ta ta zo, kuma tun jiya na kasa haɗa ido da shi. Ina farin ciki zai rayu. Ina kuma jin kamar na taya an binne wani da nake so.

In kina da hali ki zo Suva lokacin aikin. Na san ba za ku iya doguwar magana ba, ba ita nake nema ba. Ki zauna kawai a inda zai gan ki. Ni kaɗai ba zan iya riƙe shi a wannan karon ba.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Torika, Maman Litia